Kunama a Aji Ɗaya

"Malamin nan, Malam Tanimu, azzalumi ne," in ji wata dattijuwa a tashar motar Kontagora, tana gaya wa wani mai babbar jaka da ke gefenta. "Jikata Fure yarenmu Dukanci kaɗai take ji. Ya ce duk yaron da ya yi magana ba da Turanci ba, bulala. Kunama ta harbe ta a aji, yarinya ta danne kuka har aka tashi."

"Inna, haka mu ma muka koya. Kuma ai ba ta ɗaga hannu ba."

"Wa ya gaya maka ba ta ɗaga ba?"

Ya kau da kai yana gyara jakarsa, dattijuwar ta ƙare masa kallo.

"Kai ne Malam Tanimun?"

"Ni ne."

"Ina za ka da kaya?"

"Gida. An sallame ni jiya."