Fayil ɗin da Ya Ƙi Buɗuwa

A bencin shagon gyaran kwamfuta, wata mata ta juya ga mutumin da ke gefenta.

"Malam, ƙanina ya toshe ni daga fayil ɗin lissafin kamfaninmu. Ni da na ɗauke shi aiki!"

"Kullum yake ƙin buɗuwa, Hajiya?"

"A'a, sai in ya fita."

"A kwamfutarsa fayil ɗin yake?"

"Eh, ta can duk muke shiga."

Ya yi dariya. "Ai in ya rufe ta, kowa ma a waje zai tsaya. Ya riƙa barin ta a kunne."

Ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi! Ashe ba korata yake shirin yi ba." Sai ta dafe kai. "Wayyo, har na kai ƙararsa wurin Mama."