Ihun Cleophus

A kasuwar gwanjo ta birnin Memphis na Amurka, wata tsohuwa mai suna Odessa ta tsaya a rumfar wani mai sayar da tsofaffin faya-fayan garmaho, ta nuna ɗaya da sandarta.

"Ɗana, ɗora mini wannan in ji."

"Haba Mama, wannan ba a kunna shi, allura cinye shi take. Na kamfanin Roscoe Tull ne, mawaƙin nan da ya buɗe kamfani ya rufe kafin fentin ƙofar ya bushe. Amma ihun da ke farkon waƙar nan, duk mawaƙan garin nan shi suke kwaikwayo har gobe. Masana sun ce kukan ran baƙar fata ne."

"Kukan yatsa dai! Mijina ne, marigayi Cleophus, mai kaɗa wa su Roscoe ganga. Ƙofa ce ta datse masa hannu ana cikin ɗaukar waƙar, Roscoe kuwa zaren ɗaukar murya ɗaya ya rage masa, ya ce a wuce haka. Tun da aka binne Cleophus ban sake jin muryarsa ba."

Mai rumfar ya dubi faifan, ya dube ta. Ya goge shi da gefen rigarsa, ya ɗora allura.

Ihu ya tsaga kasuwar, ganga ta biyo baya. Odessa ta jingine sandar ta fara girgiza kafaɗa, tana dariya har da hawaye.

"Ka ji ragon! Ko jini bai fito ba fa."

"To Mama, wa ya rufe ƙofar?"

"Kifi na kai musu, hannuwana biyu a cike, da ƙafa na tura ta. Maimaita mini, ɗana!"