Ƙafar Kakin Zuma

"Waliyyi Rokko ai ɗaya ne, baiwar Allah!" in ji wani tsoho a ɗakin jiran likita. Na ajiye saƙata, na baza kunne.

"To me ya sake kumbura ƙafar mijina Gaspare?" in ji matar da yake gardama da ita. "Rokko na cocin tudu na yi wa alkawarin kyautar ƙafar da aka ƙera da kakin zuma in ta warke. Da ta warke, hawa ya gagare ni, na rataye ta a cocinsa na gangare."

"Ɗaya ne, na ce!"

"Kai wanne kake zuwa?"

"Na tudu mana. Na gangare ko tari bai taɓa warkarwa ba."

"To in ciro ta?"

"Don na gangaren shi ma ya fusata? Ƙafa nawa mijinki yake da ita?"

Ta fice, ta banko ƙofa.