Kiri-kirin da Za Mu Dasa a Filin Makaranta

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma dagaci, malamanmu, iyayen yara maza da mata, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum. Ni ce Bara'atu Inuwa, shugabar wannan firamare. Ina gode muku da kuka baro gonakinku kuka zo.

Magana ta farko ita ce filin nan. Kun san shekarar da kogin Haɗeja ya yi ambaliya, a nan 'yan'uwanmu na ƙauyukan fadama suka kafa bukkoki, da jariransu, da 'yan awakin da suka tsira. Da suka tashi, ciyawa ta mutu, ƙarangiya ta gaje wurin. Yaranmu ba takalmi gare su ba. Na sha zama da allura ina cire ƙaya daga ƙafar yarinya tana kuka.

Na ji masu cewa baƙi sun ɓata mana fili. Jama'a, ba su ɓata ba. Ruwa ya kore su, inda suka ga tudu nan suka tsaya.

Ta biyu, ciyawar da muka zaɓa. An kawo mana shawarar irin da ake shukawa a gidajen birni, mai son ban ruwa safe da yamma, alhali rijiyarmu da ƙyar take shayar da mu a bazara. An ambaci gamba, sai iyaye mata suka ce tsayinta maɓoyar maciji ne. Muka tsaya a kan kiri-kiri: tana rarrafe a ƙasa, tana jure takawa, rani ya busar da ita, ruwan farko ya tashe ta.

Ana haka Malam Ja'afar, makiyayin da matarsa Hajo ta rasu a wannan fili lokacin ambaliyar, ya same ni ya ce, "Malama, a bar mana ɗaukar saiwar daga fadama. Amalankena na nan, shanu biyu sun rage mini." Na ce ya ji da marayunsa tukuna. Ya ce, "Ai nan za su yi karatu."

Ta uku roƙo ne. A tsare dabbobi daga nan daminar bana, har saiwa ta kama. Masu neman a rufe ƙofa ga baƙin da ruwa ya koro kuwa, su yi haƙuri, muddin ina nan ba za a rufe ba.

Allah Ya ji ƙan Hajo, Ya raya 'ya'yanta, Ya ba mu damina mai sauƙi, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.