Farar Fijo ta Audi

INNA: Salamu alaikum. Jummai? Kina jina?

JUMMAI: Amin alaikumus salam, Inna. An wuni lahiya?

INNA: Lahiya lau. Ya Kaduna? Ya mijinki? Ya ƙahwar surukarki?

JUMMAI: Da sauƙi. Ya Ƙofar Kware, ya zahi?

INNA: Zahi sai godiya. Ke, wayag ga da kinka ba ni, munahuka ce.

JUMMAI: Subhanallahi! Mi tay yi?

INNA: Asirina tat tona gaban Mode bakanike.

JUMMAI: Wa? Layin na yankewa.

INNA: Mode! Na Tudun Wada! Kin tuna farar Fijo ta babanki Audi, wadda munka saida bayan rasuwarshi? Na gane ta garejin Mode, ba taya, awaki na kwana ƙarƙashinta.

JUMMAI: Inna, farar Fijo ai da yawa.

INNA: Ni za ki gaya ma? Ƙohwar baya har yanzu akwai lotsawar da niy yi mata da turmi. Nic ce mishi akurkin kaji nika so in yi da ita. Nit taɓe baki, niy yi kamar zan tahi har sau nawa. Ya kusa sallamawa, sai nib ba shi wayar ya sa min lambarshi, tunda kin san ni da rubutu.

JUMMAI: Sai ya buɗe burauza?

INNA: Oho, abin nan da nika danna ma magana yana kawo hotuna. Yad duba, yad dube ni, yac ce, "Hajiya, kajinki masu son Fijo ne haka?" Nan take kuɗɗin sunka ninka.

JUMMAI: Inna! Wai Fijo kike nema a intanet?

INNA: Kina dariya? Bayan la'asar nika zama in ce mata, nuna min Fijo ta lokacin Udoji. Ke ba ki ga shekarun nan ba. Kwalta sabuwa tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Audi ya sauke gilas, iska na ɗaga min gyale, ƙamshin ledar kujera... Soja su tsaida mu a shinge, ya miƙa musu ƙunshin kilishi, su sara mishi kamar wani hafsa, shi ko mahauci...

JUMMAI: Allah ya jiƙan Baba.

INNA: Amin. Yanzu a shahe komi. Gobe in miƙa ma Mode wayar fes, in ce idonshi ne ke gizo.

JUMMAI: To sa ni a sifika. Kin ga ɗigo uku can sama? Danna. Nemo mai hoton agogo, shi ne tarihi. Duk inda kika shiga yana nan a jere.

INNA: Lahaula! Ga su ko jere kamar shanu a kasuwar kara.

JUMMAI: Nan gaba ki riƙa shiga ta wurin mai hula da tabarau, shi ba ya ajiye sawu. Kuma a daina miƙa waya a buɗe. Yanzu danna kwandon shara, duk su tafi.

INNA: Dut? Har na tasha?

JUMMAI: Wane na tasha?

INNA: Wani tsohon hoto da nic ci karo da shi. Tsohuwar tasha, farar mota, ga mutum tsaye ya ba da baya, hula ta karkata hagu. Jummai, tsayuwar babanki ce. Ban san abin da nic ce ba rannan har yah hito. Ta jerin nan kaɗai nika komawa wurinshi.

JUMMAI: In kika share, hanyar ta ɓace. Amma tsaya, ana iya sauke hoton tukuna...

INNA: A'a. Kada a taɓa shi. Yatsana ya zame in rasa shi sau biyu?

JUMMAI: To Mode fa? Ke da ba a taɓa cin ribarki a kasuwa ba?

INNA: Ya ci wannan. Amma wallahi sai ya sa mata taya huɗu, ya wanke kashin awaki, ya turo ta har ƙohwar gida da ƙarhinshi.

JUMMAI: Ba fa za ta tashi ba, Inna.

INNA: Wa yac ce tashi nika so? In shiga gaba in zauna, in sauke gilas, in iska ta taso daga gulbi sai in...

JUMMAI: Inna? Inna! Kati ya ƙare ne?