Wandon Rayyis Bayyumi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban ƙungiyar maharban agwagi ta Matariyya, Alhaji Abdul'ati, wanda ya ba ni wannan dama, yake kuma kallon agogo tun ban buɗe baki ba. Malam limamin masallacin bakin ruwa. Jami'in kula da tafkin Manzala, wanda muke ƙauna a kan tudu, muke kuma kauce wa a kan ruwa. Shugabannin jirage, manyanku da ƙananku. Iyayenmu mata da ke can baya, waɗanda ba don albasarsu da tukwanensu ba, da agwagwar da muke wahala a kanta gashi ce kawai da ƙarni. Tsofaffin maharba da sababbin hannu. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wata shekarar. Ina godiya ga shugaba da ya ce Dasuƙi mai shagon kayan ruwa na bayan kasuwar kifi, wato ni, shi zai koya wa mutane yadda ake zaɓen wandon shiga ruwa da takalminsa. An dai ba kura kiwon akuya. To amma kurar ta tsufa, haƙoranta sun zube, saura gaskiya kawai a bakinta.

Gobe da safe za a buɗe farauta. Kafin in shiga bayanin roba, bari in faɗi abin da ya sa na karɓi wannan magana, don kada ku ce na yi muku kwana. Akwai mutum a cikinmu da ya yi niyyar shiga tafki gobe da wandon da ya kusa halaka shi bara. Ragab ne, ɗan marigayi shugaban jirgi Rayyis Bayyumi, ga shi can jikin taga ya sunkuyar da kai. Ka yi haƙuri, Ragab. Na zo shagonka na aski har sau biyu na yi maka maganar a asirce, ka aske ni tas, ka sallame ni ba amsa. Kun san al'adarmu: in maharbi ya rasu, babban ɗansa ne ke sa wandonsa ranar buɗe ruwa, wai don albarka ta bi gida. Duk abin da zan faɗa yanzu, ku riƙa auna shi da wancan wandon.

Abu na farko, jikin wandon. Iri uku ne ke shigo mana. Akwai na roba mai kauri, mai nauyi kamar bashi, amma ba ya tsoron komai. Akwai mai laushi irin na masu nutso, wanda ke riƙe ɗumi a sanyin watan Tuba na tsakiyar hunturu, sai dai in rana ta ɗaga ka dahu a ciki kamar kifi a tanda. Akwai kuma na yadi mara nauyi, mai kyan gani, wanda baƙinmu na Alƙahira suka fi so saboda yana fita da kyau a hoto. Wanda bai san tafkinmu ba zai ce ruwa ne abokin gaba. Mu mun san kututturen kacalla ne, wanda masu yanka suka bari a tsaye ƙarƙashin ruwa da kaifi kamar mashi. Saboda haka kada ka shafa ƙirjin wando kana murmushi. Juya cikinsa waje, ka dubi mahaɗin tsakanin cinyoyi, ka dubi gwiwa ko an ninka ta, ka dubi inda takalmi ya haɗu da ƙafar wando, don nan ne kowane wando ke fara mutuwa. In tsohon wando ne a gidanka, naɗe shi a gwiwa ka matse. Ka ga ƙananan tsagu kamar faso a diddige? To ya gama aiki. Faci yana maganin huda, ba ya maganin tsufa. Wandon Rayyis Bayyumi kuwa ya yi bazara biyu a ninke a kan soro, kusa da akurkin tantabaru, rana tana gasa shi.

Abu na biyu, takalmi, kuma a nan zan daɗe, shugaba ya yi haƙuri da agogonsa. Tafinsa ya zama mai zurfin zane. Akwai wani mai tafi kamar bargo da aka yi don ƙasashen da kogunansu duwatsu ne. In ka shiga lakarmu da shi, za ka fito da rabin tafkin a manne. Amma duk wannan ƙaramin abu ne a kan girman takalmin. Mu mutanen nan muna da wata cuta: ba ma sayen wando don mutum, sai don gida. Mutum zai shigo shagona ya ce a ba shi mafi girma, in na tambaye shi dalili, ya ce ai wansa ma zai sa, surukinsa ma kan ara, in ya yi yawa a ƙara safa. Jama'a, lakar Manzala ba ta san zumunci ba. Tana kama takalmi ne ta riƙe. In takalmin ya kama ƙafarka, ka murɗa diddige ku fito tare. In ya yi maka yawa, ƙafar ce kaɗai za ta zare ta hau cikin ƙafar wando, takalmin yana can ƙasa, kai kuma kana tsaye a kan babu.

Abin da ya faru bara ke nan, kuma da yawanku kuna wurin. Rana ta fito sarai, ba hazo, ba iska. Ragab ya sauke agwagwa, ya taka zai ɗauko ta, ruwa bai wuce ƙugu ba. Ƙafar hagu ta zare. Ya nemi ya gyara, ta dama ta zare. Ya kife ta gaba, ruwa ya shiga ta ƙirjin wandon. Rayyis Bayyumi, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ke sunkuyawa in zai shiga ƙofar masallaci. Ragab kuwa dangin uwarsa ya ɗebo, mutanen kirki, gajeru. Wandon ya shanye ruwan da zai cika randa. Rayyis Zaglul da ke cikin jirgi ya miƙa masa gorar tuƙi, ya kama, amma hawa jirgi ya gagara, sai da ƙarti suka taru suka jawo shi kamar koma ta cika. Ya yi makonni yana tari.

Wannan ya kawo ni abu na uku, gajere ne: ɗamara. Kowane wando na sayar ina haɗawa da bel, kuma kowane bel ina ganinsa daga baya an ɗaure buhun harsashi da shi, ko an ɗaure akuya. Ɗaure ƙugunka da shi, tam. Shi ne ke hana ruwa cika ƙafafu kafin hannun ɗan'uwanka ya iso gare ka. Ruwan da ke cikin wando ba ya jan mutum ƙasa kamar yadda ake zato. Riƙe shi yake yi a inda ya faɗi, sanyi ya ƙarasa aikin. In an rufe farauta kuma, wanke wandon da ruwan daɗi, ka rataye shi a inuwa, kada ka ninke.

To, ilimin ya ƙare. Saura abin da ba a sayarwa a shago.

Me zai sa mutum mai hankali, mai mata da 'ya'ya, ya koma cikin wandon da ya kusa zama likkafaninsa? Ragab ba wawa ba ne. Abin da ya faru shi ne, ranar da ya fara fitowa bayan jinya, ya shiga gidan shayin bakin kasuwa, baffansa Alhaji Mitwalli, ƙanen marigayi, yana zaune da shisharsa. Ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Wana ya tsufa a cikin wandon nan ko safarsa ba ta taɓa jiƙa ba. To laifin wando ne, ko na abin da aka zuba a ciki?" Gidan shayi ya kwashe da dariya. Tun daga ranar, duk wanda ya zauna a kujerar askinsa sai ya tambaye shi ko bana zai tafi da tsani. Wasa ne, na sani. Mu mutanen ruwa da wasa muke ɗumama jiki. Amma wasan da aka shekara ana yi wa mutum ɗaya ya tashi daga wasa.

Makon jiya mahaifiyarsa ta zo shagona da zare a ƙulle a bakin mayafinta. Ta auno tsawon silifas ɗinsa ne a ɓoye, tana so in ba ta wando daidai da shi. Na tambaye ta ko zai sa. Sai ta ce, "Dasuƙi, ubansa a kan gadonsa ya cika, ina riƙe da hannunsa. Shi kuma so suke a kawo min shi a cikin koma." Na ce ta mayar da kuɗinta. Ku shaida, karo na farko ke nan a tarihin kasuwar kifi da Dasuƙi ya ƙi ciniki. Na ƙi ne don na san wandon zai kwana a ƙarƙashin gado, tunda abin da ke tura ɗanta ruwa ba rashin wando ba ne. Bakunanmu ne.

Kyan ɗa ya gaji ubansa, haka ne. Amma a tambaye ni me Bayyumi ya bari na gado, don ni na san shi ta inda ba ku san shi ba. Ban taɓa samun mai saye mai wahalarwa kamarsa ba. Sai ya sa wando, ya tsuguna, ya miƙe, ya zaga shagon, ya fita har bakin kwata ya taka laka ya dawo min da kaya a ɓace, sannan ya ce diddigen yana motsi, a kawo wani. Wata rana na gaji na ce masa ai na ƙanenka ma irin wannan ne, yana nan lafiya. Ya ce, "Dasuƙi, ƙafa ba ta da dangi." Mutumin da ya faɗi haka, shi ne za a ce yana kwance a kabari yana jin daɗin ganin ɗansa na iyo a cikin takalminsa? Ita kanta al'adar, yaushe aka haife ta? Kakanninmu da ƙafa tsirara suke shiga, su shafe jiki da mai. Al'adar nan ba ta girmi roba ba, roba kuwa ba ta girmi gashin bakin shugaba ba.

Saboda haka roƙona ɗaya ne, kuma ba Ragab nake roƙo ba, don shi ba zai iya sauke wannan kaya da kansa ba. In ya sauke, ku ce ya ji tsoro. Mu ne muka ɗora masa, mu za mu sauke. Duk wanda ya yarda cewa Ragab ya fita haƙƙin ubansa tun bara, kuma in ya shiga gobe da wando daidai jikinsa babu mai buɗe baki, ko a gidan shayi, ko a kujerar aski, ko a cikin jirgi, ya ɗaga hannu.

Madalla. Malam liman ya riga kowa. Rayyis Zaglul ya ɗaga biyu, shi ya san nauyin da ya jawo. Iyayenmu mata, na gan ku. Ku bar su a sama tukuna, don duk hannuwan nan ba su kai hannu ɗaya nauyi ba.

Alhaji Mitwalli, kai ne ubansa yanzu. Ba wanda ya ƙi yayanka a cikinmu, kuma mun san kewarsa ce ta yi magana da bakinka ran nan. Kana so ka sake ganin wandon nan yana tafiya cikin kacalla. Amma ba Bayyumi ne a ciki ba, Alhaji, ɗansa ne, kuma shi kaɗai ya bari. Ba sauri muke ba. Shugaba ma ya daina kallon agogo.

To, alhamdu lillahi. Hannun Alhaji bai wuce kafaɗa ba, amma ya tashi, kuma kowa ya gani. Ragab, ɗago kanka ka duba da idonka, kada gobe a ce maka Dasuƙi ne ya ƙara gishiri. Shagona a buɗe yake har magariba. Ka zo da ƙafarka, ka zo da safar da za ka sa.

Allah ya jiƙan Rayyis Bayyumi da duk waɗanda suka riga mu. Allah ya saka wa Alhaji Mitwalli da alheri. Allah ya sa duk jirgin da ya tashi gobe ya dawo da mutanensa cif, ya sanyaya zukatan masu jira a bakin ruwa, ya albarkaci tafkinmu da abin da ke sauka a cikinsa, ya hana mu ɗiban abin da ya wuce bukata. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.