Hannun mai ban-ruwa

A tashar Goronyo, motar Sakkwato ba ta cika ba. Wani mai malfa, rungume da kular abinci, ya juyo wajen dattijon da ke gefensa.

"Baba, taya ni murna, Sama'ila ya tashi! Jiya da hannunai yas sha kunu!"

"Madalla. Mi yas same shi?"

"Zuciya ta. Likita tac ce bugun ya rikice, kamar injin ban-ruwa in ya shaƙi iska. Anka kai shi ɗakin da ba a shiga da takalmi, na'ura na nuna ɗari da sittin. Anka sa mai magani cikin ruwa, ta jijiya."

"Sai ta lafa?"

"Ina! Ruwan na sauka ɗis, ɗis. Nic ce, mutum na mutuwa ana yi mai rowa? Mu in albasa ta yi yaushi, sakam mata ruwa mukan yi. Nik kai hannu in buɗe."

"Subhanallahi!"

"Nas tab buge min hannu! Tac ce in yaz zuba lokaci guda, jininai za ya faɗi, sai gawa. Baba, kafin la'asar lamba ta dawo tamanin, da idona nig gani!"

"Ƙanenka na?"

"A'a, maƙwabcin gona. Shekara ukku ba mu gaisawa."

"Kan mi?"

Mai malfa ya gyara riƙon kula. "Wai ina buɗe magudana, ina janye mai ruwa."

Dattijon ya dubi hannunsa. "Ashe ba asibiti hannun ga yaf fara ba."